Bikin Auren 'Yan Hindu a Bakin Teku

Jama'a, darasinmu na wannan mako zai kai mu nesa, har ƙasar Indiya. Da yawa cikinku sun taɓa ganin bikin Indiyawa a fim. Kun ga amarya da jan zane, kun ga ango bisa doki, kun ga wuta tana ci a tsakiyar rumfa. Amma mai kallon fim ba ya samun wanda zai bayyana masa ma'anar abin da ya gani. To, yau za mu bi bikin daki-daki, tun daga neman aure har kai amarya. Za mu rarrabe abin da ya ke shi ne ainihin aure a wurinsu, da abin da ya ke ado ne kawai, da abin da ya zama nauyi bisa wuyan talaka.

Darasin yana da tsawo, saboda haka an raba shi kashi bakwai. Ku karanta kashi ɗaya ko biyu a kowane zama. Za ku gamu da harafin p cikin waɗansu sunaye. Ba shi cikin baƙaƙen Hausa. Ku faɗe shi kusa da f, amma ku haɗa leɓɓanku tukuna.

1. Inda Gowa ta ke

Indiya tana gabas da mu, gaba da ƙasar Makka, an ƙetare wani babban ruwa da a ke kira Tekun Arabiya. Mutanenta sun fi miliyan 1,400. Cikin shekarar 2023 ta wuce ƙasar Sin, ta zama ita ce ta fi kowace ƙasa yawan jama'a. Cikin kowane mutum goma na Indiya, wajen takwas addinin Hindu su ke bi. Akwai kuma Musulmi da yawa, da Kirista, da waɗansu. Kowace jama'a da irin aurenta. Mu na 'yan Hindu za mu duba.

A yammacin Indiya, kudu da birnin Mumbai, akwai wata 'yar jiha, sunanta Gowa. Ita ce ƙarama duka cikin jihohin ƙasar wajen faɗin ƙasa. Babban birninta Panaji, harshen mutanenta Konkani. Turawan Fotugal suka ci ta da yaƙi cikin 1510. Indiya ta sami mulkin kai daga Ingila cikin 1947, amma Fotugal ta ƙi sakin Gowa, sai da sojan Indiya suka shiga cikin watan Disamba 1961. Ta zama jiha mai zaman kanta cikin 1987. Da aka yi ƙidaya cikin 2011, an sami mutanenta kusan miliyan ɗaya da rabi. Kashi biyu cikin uku 'yan Hindu ne, kashi ɗaya cikin huɗu Kirista.

Arzikin Gowa bakin teku ne, tsawonsa ya fi mil 60. Wanda bai taɓa ganin teku ba, ya tuna da yashin rafi da rani. Ya ƙaddara wannan yashi ya miƙe mil da mil. Gefe guda itatuwan kwakwar attagara, gefe guda ruwa, ido ba ya ganin ƙarshensa. Ruwan gishiri gare shi, ba a shansa. Ya kan cika ya hau yashi, ya kuma janye, sau biyu cikin yini da kwana. Da yamma rana ta kan faɗi kamar ta nutse cikin ruwan.

Wannan kyau shi ke jawo baƙi. An gama hanyar jirgin ƙasa ta bakin teku cikin 1998, aka kuma soma sauka a filin jirgin sama na biyu cikin 2023. Attajiran Delhi da Mumbai, da Indiyawa mazauna Ingila da Amurka, su kan kwashi danginsu su zo, su kama otal na kwana biyu ko uku, su yi bikin 'ya'yansu bisa yashi. Waɗansu ma har ƙasashen waje su ke kai biki. Shi ya sa cikin Nuwamba 2023 Firayim Minista Narendra Modi ya roƙi masu dukiya su riƙa yin bukukuwansu cikin Indiya, don kuɗin ya zauna a gida.

Ke nan biki iri biyu a ke yi a Gowa. Akwai na baƙi a bakin ruwa. Akwai kuma na 'yan ƙasa, wanda galibi a ke yi a zauren biki ko kusa da ɗakin ibadarsu. Al'adu sun bambanta daga wannan yanki zuwa wancan, gama kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Amma tushen ɗaya ne.

2. Neman aure da sa rana

A Indiya har yanzu iyaye da dangi su ke shige gaba wajen neman aure a gidaje da yawa. Su kan bincika asali, da sana'a, da hali. A zamanin nan yaro da yarinya su kan ga juna, su yi magana, a ji yardarsu. Akwai kuma waɗanda su ke zaɓa da kansu, sa'an nan su kawo wa iyaye.

In an shirya, sai a tafi wurin malamin addininsu, wanda su ke kira pandit. A ba shi ranar haihuwar kowannensu, da sa'ar, da garin. Shi kuma ya duba lissafin taurari, ya gaya musu ko sun dace. Sa'an nan ya zaɓi ranar aure da lokacinta, har da minti. Wannan lokaci su ke kira muhurat. A kan buga shi cikin katin gayyata, ba a so a saɓa masa. Ango ya iya makara wajen cin abinci, amma ba wajen muhurat ba.

Akwai wata huɗu, daga wajen Yuli zuwa Nuwamba, waɗanda 'yan Hindu da yawa ba su ɗaura aure cikinsu, don watanni ne na ibada a wurinsu. Ƙarshensu a kan yi wata salla ta wani tsiro mai ƙanshi, tulsi, ɗan'uwan ɗoɗɗoya. Kusan kowane gidan Hindu a Gowa yana da tukunyar tulsi a ƙofar gida. Da an wuce sallar nan, an buɗe ƙofar aure.

Wannan ya yi daidai da yanayin ƙasar. Daminarsu kamar tamu ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan da a ke yi a Gowa ya ninka na Kano sau uku ko fiye. Teku ya kan yi fushi, masunta su ja jiragensu tudu. Ba mai kafa rumfar biki bisa yashi a lokacin nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuwa sama garau, zafi ya ragu. Shi ne lokacin biki, shi ne kuma lokacin da otal ya fi tsada.

Ranar baiko, a Gowa da maƙwabtanta, dangin yaro su kan kawo wa yarinya zane da ƙunshin sukari, alamar fatan zama mai daɗi. Yanzu a kan ƙara da zobe.

Doka ta sa hannu cikin shekarun aure. Cikin 1929 aka fara yanke wa yarinya shekara 14, yaro 18. Cikin 1978 aka ɗaga, yarinya 18, yaro 21.

3. Kwanakin da ke gaban aure

Abu na fari lalle ne, su suna ce masa mehendi. Lallen nan namu ne, ganye ɗaya, itace ɗaya. A kan niƙa shi lukui, a zuba cikin ƙunshi mai tsini, a yi wa amarya zane a hannu da ƙafa, siriri kamar zare. Aikin ya kan ci sa'o'i da yawa. Mai zanen ta kan ɓoye sunan ango, ko harafinsa na fari, cikin furannin zanen, a ce ya nemo. Kun ga, ko wasan amarya ma yana bukatar wanda ya san baƙi. Tsofaffi su kan yi wa amarya ba'a, su ce in lalle ya kama ƙwarai, alama ce za a so ta a gidan miji.

Na biyu haldi, watau gangamau, wanda waɗansu ke kira kurkur. A kan kwaɓa shi da mai ko madara. Matan dangi su bi layi, kowace ta shafa wa amarya a fuska da hannu da ƙafa. Haka a ke yi wa ango a nasa wurin. Suna cewa yana tsarkake jiki, yana sa fata haske. Ran nan kowa rawaya ya ke sawa, don gangamau in ya taɓa tufa ba ya fita da sauƙi. A al'adar da, bayan haldi ango da amarya ba su fita gida, ba su kuma ganin juna sai a rumfa.

Na uku na mutanen Gowa ne, su ke kira cuddo. A kan kai amarya gidan kawunta, wan uwarta ko ƙanenta. A kira mai sayar da awarwaron ƙarau, ya sa mata su a hannu biyu, galibi koraye. Kawu shi ke biya. Abin lura a nan, 'yan Hindu da Kiristan Gowa duk suna yin wannan al'ada. A bikin Hindu kawu babban mutum ne. A wurare da yawa shi ke rako amarya rumfa.

Na huɗu daren waƙa, sunansa sangit. Asalinsa daga arewacin Indiya ya ke, inda matan gida ke taruwa su yi waƙoƙin aure da 'yar ganga. Fim ya ƙara masa girma. Yanzu dangin ango da na amarya su kan yi makonni suna koyon rawa, ran nan su yi gasa. Daren nan daɗi gare shi, amma aure ba ya rataya gare shi.

4. Rumfa da isowar ango

Wurin ɗaurin aure rumfa ce mai dirka huɗu, sunanta mandap. A kan yi mata ado da furanni rawaya da ruwan goro, da ganyen mangwaro, da itacen ayaba. Waɗansu suna cewa dirkokin nan huɗu iyaye huɗu ne, biyu na ango, biyu na amarya. A tsakiya a kan ajiye kaskon wuta. A gefe ga tulun tagulla cike da ruwa, an ɗora masa kwakwa a baki.

Kafa rumfa a bakin teku sai da shiri, ba a fafe gora ranar tafiya. Tilas a san iyakar inda ruwa ke kaiwa in ya cika, a kafa bayan nan. Tilas a kare wuta daga iska, gama iskar teku ba ta hutawa. Yashin bakin teku na jama'a ne duka, don haka sai an sami izini a rubuce daga hukuma. Akwai wurare kamar Morjim da Galgibaga inda kunkurun teku ke fitowa da dare ya binne ƙwansa cikin yashi. A nan hukuma ta tsananta, don haske da hayaniya suna korarsa. Dokar Indiya ta shekarar 2000 kuma ta hana kiɗa da lasifika a fili bayan ƙarfe 10 na dare. Saboda haka bikin da ya kai dare sai ya koma cikin ɗaki.

Mutanen arewacin Indiya su kan kawo ango bisa farar goɗiya, da rawani a kansa, abokansa da danginsa suna rawa a gabansa, ana buga ganga. Wannan ayari shi ne barat. Tafiyar da ba ta fi jifa biyu ba ta kan ci sa'a guda. Mutanen Gowa galibi a mota su ke kawo nasu. A ƙofa uwar amarya ta tarye shi da 'yar fitila bisa faranti, ta ɗiga masa jan gari a goshi. Maza na ɓangaren nan da na wancan su rungumi juna, kawu da kawu, wa da wa.

Ango ya tuɓe takalmi kafin ya shiga rumfa, don wurin ibada ne a gare su. Nan ƙannen amarya da ƙawayenta ke fakonsa. Su sace takalmin su ɓoye, ba ya samunsa sai ya fanshe shi da kuɗi. Wanda ya san sayen baki ba zai yi mamakin wannan ba.

Amarya ta kan fito da zanen da su ke kira sari, tsawonsa yadi 6, wani ma yadi 9. A arewa ja a ke so, a Gowa da maƙwabtanta a kan ga rawaya da kore. A yankin Gowa a kan riƙe farin ƙyalle tsakanin ango da amarya, kada su ga juna. Pandit yana karanta addu'o'i cikin Sanskirit, tsohon harshen littattafansu. Da lokacin nan na muhurat ya cika, sai a janye ƙyallen, jama'a su watsa musu shinkafa rinanna. Amarya ta rataya wa ango sarƙar furanni a wuya, shi ma ya rataya mata. Wannan alama ce kowa ya karɓi ɗan'uwansa.

5. Wuta da taku bakwai

Yanzu mun iso zuciyar bikin. Ku karanta wannan kashi a hankali.

Uban amarya ya ɗauki hannun 'yarsa na dama, ya sa cikin hannun ango. Uwa ta tsiyaya ruwa bisa hannuwan. Wannan shi ne kanyadan, watau ba da ɗiya. Ango ya yi alkawari ba zai ci amanarta ba. A nan iyaye da yawa ke zub da hawaye.

Sa'an nan a ƙulle gefen zanen amarya da gefen mayafin ango. Pandit ya hura wuta, ya zuba mata man shanu. A addininsu wuta ita ce shaidar aure, suna kiranta Agni. Wan amarya ko ƙanenta ya cika mata tafin hannu da guggurun shinkafa, ita da ango su zuba cikin wuta. Ma'anarsa, ko ta bar gida, ɗan'uwanta bai bar ta ba. Su kewaya wutar tare, waɗansu sau huɗu, waɗansu sau bakwai. A wurare da yawa amarya ta kan ɗora ƙafa bisa dutse, alamar ta tsaya daram.

Daga nan sai taku bakwai, sunansa saptapadi. A yankin Gowa a kan jera 'yan tsibin shinkafa bakwai a ƙasa, amarya ta taka su ɗaya bayan ɗaya, ango yana riƙe da hannunta. Kowane taku da abin da a ke roƙo. Na fari abinci. Na biyu ƙarfin jiki. Na uku dukiya. Na huɗu farin ciki. Na biyar 'ya'ya. Na shida zama tare rani da damina. Na bakwai abuta, watau su zama aminan juna har ƙarshen rai.

Bayan haka ango ya ɗaura mata mangalsutra, sarƙa ce ta baƙaƙen duwatsu da zinariya. A arewa ya kan sa mata jan gari a tsagar gashinta, sunansa sindur. Waɗannan su ke nuna matar aure. In dare ya yi, a waɗansu gidaje a kan nuna musu tauraron nan na arewa wanda ba ya gusawa, a ce aurensu ya kafu kamarsa.

Dokar auren Hindu ta 1955 ta ce, inda al'adar mutane ta ƙunshi taku bakwai, aure ya ƙullu ne sa'ad da aka yi taku na bakwai. Dokar ba ta ambaci doki ba, ba ta ambaci otal ko yawan 'yan biki ba. Cikin Afrilu 2024 Kotun Ƙoli ta Indiya ta yi shari'ar waɗansu matuƙa jirgin sama biyu, mace da namiji. Sun karɓi takardar aure, amma ba su yi ibadar ba. Kotu ta ce babu aure tsakaninsu. Ta kuma gargaɗi matasa, kada su ɗauki aure wurin rawa da ciye-ciye da neman kaya kawai.

Ke nan wanda ya taka bakwai ɗinsa a tsakar gidan ubansa, gaban mutum ashirin, aurensa daidai ya ke da na wanda ya kama otal a bakin teku.

6. Walima da kai amarya

Gidajen Hindu da yawa ba su cin nama ranar ɗaurin aure. Naman shanu kuwa ba a kawo shi ko kusa, don saniya abin girmamawa ce a wurinsu. A kan ci shinkafa, da miyar wake iri iri, da gurasa, da kayan zaƙi na madara da sukari. A kudu a kan zuba abinci bisa ganyen ayaba, a ci da hannun dama.

Sa'ad da za a tafi da amarya, ta kan cika hannu da shinkafa, ta watsa baya ta bisa kanta har ta fita, ba ta waiwaya. Uwarta ta tara gefen zane ta tare. Ma'anarsa, ta gode da ciyarwa, tana fatan albarka ta zauna a gidan. Wannan sallama su ke kira bidai. Kuka a ke yi sosai, kamar yadda a ke yi ko'ina.

A gidan miji uwar miji ta tarye ta a ƙofa. A kan ajiye tukunya cike da shinkafa a bakin ƙofa, amarya ta ture ta da ƙafar dama, shinkafa ta zube cikin ɗaki, alamar ta shigo da arziki. Masu biki a bakin teku sai sun koma garinsu su ke yin wannan.

7. Nauyin biki, da amfanin rubutu

Mai biki a Gowa shi ke biyan ɗakunan baƙinsa da abincinsu, wani lokaci har da kuɗin jirgi. Attajiri ya iya, iya kuɗinka iya shagalinka. Wahalar tana ga mai ƙaramin ƙarfi. Ya ga hotuna a waya, maƙwabta sun gani, 'yarsa ta gani. Sai ya ci bashi mai ruwa, ko ya jinginar da gona, don bikin kwana biyu. Biki ya watse, bashi ya zauna.

Akwai wanda ya fi wannan muni, sunansa dahej. A wurinmu ango ke ba da sadaki. A Indiya kuwa, a gidaje da yawa, dangin ango su ke neman kuɗi da zinariya da babur ko mota daga uban amarya. Ya yi kama da gara, sai dai wannan yanka shi a ke yi kamar ciniki. In ba a cika ba, amarya ke shan wuya: gori, duka, har kisa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Gwamnatin Indiya ta hana dahej cikin 1961. Daga baya aka ƙara tsananta hukunci, mai bayarwa ko mai karɓa ya iya shan ɗaurin shekara 5 ko fiye. Cikin 1986 aka ƙara wata doka. In mace ta yi mutuwar da ba ta ciwo ba cikin shekara 7 da aurenta, aka kuwa tabbata ana gallaza mata saboda dahej gab da mutuwar, to mai gallazawar zai amsa laifin, ɗaurinsa ba ya kasa shekara 7. Duk da haka abin bai ƙare ba. Cikin shekarar 2022 kaɗai, ofishin Gwamnati mai lissafin laifuffuka ya ƙidaya mata 6,450 da suka mutu ta wannan hanya.

Kyautar da aka ba amarya don son rai ba laifi ba ce, kuma tata ce ita kaɗai. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka cikin 1985. Amma yaya za a rarrabe kayanta da na miji in rigima ta tashi? Da rubutu. Wata ƙa'ida ta 1985 ta ce a rubuta kyaututtukan biki cikin takarda: mene ne kayan, nawa ne kimarsa, wa ya bayar. Ango da amarya su sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba, sai wani ya karanta masa, sa'an nan ya dangwala yatsa. Ku duba bambanci. Wadda ta iya karatu da idonta za ta ga ko an tsallake awarwaronta na zinariya. Wadda ba ta iya ba, abin da aka gaya mata shi za ta dangwala wa yatsa.

'Yan asalin Gowa suna da tasu doka, wadda Fotugal ta bari, tana aiki har yau. Tilas ango da amarya su tafi ofishin rajista da shaidu su sa hannu, a kafa sanarwa, bayan kamar mako biyu su koma su sake sa hannu. In ba su rubuta wata yarjejeniya dabam kafin aure ba, dukiyarsu ta zama ta tarayya, rabi na miji, rabi na mata. Baƙi kuwa galibi a garinsu su ke yin rajista. Cikin 2006 Kotun Ƙoli ta umurci jihohin Indiya duka su sa rajistar aure ta zama tilas. Takardar nan ita ce madogarar mace in miji ya gudu ya yi musun aure, ko ya mutu dangi suka hana ta gado.

To, jama'a, kun ji yadda 'yan Hindu ke biki a bakin teku. In kun sake ganinsa a fim, ku lura da wutar, ku ƙidaya takun. In kuma biki ya taso a gidanku, ku zauna ku yi lissafi tun da wuri, ku rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, kada a sa hannu ko yatsa bisa takardar da ba a karanta ba.

Sababbin kalmomi

Pandit: malamin addinin Hindu. Muhurat: lokacin da aka zaɓa don ɗaurin aure. Mehendi: lalle. Haldi: gangamau. Mandap: rumfar aure. Barat: ayarin ango. Saptapadi: taku bakwai. Dahej: kayan da dangin ango ke nema daga uban amarya.

Tambayoyi

1. A wane gefen Indiya Gowa ta ke?
2. Don me ba a yin biki a bakin teku daga Yuni zuwa Satumba?
3. Mene ne aikin kawu a bikin mutanen Gowa?
4. Faɗi abu uku da mai kafa rumfa a bakin teku zai lura da su.
5. Me a ke roƙo a taku na bakwai?
6. Mene ne bambancin sadaki da dahej?
7. Wace riba amaryar da ta iya karatu ta ke da ita?

Lissafi

1. Turawan Fotugal sun shiga Gowa cikin 1510, sun fita cikin 1961. Shekara nawa suka yi?
2. An hana dahej cikin 1961. Shekara nawa ke nan zuwa 2022?

Aikin rubutu

Ka ja layi uku a littafinka. Ka rubuta kayan biki biyar da ka sani. A layi na fari sunan kaya, a na biyu kuɗinsa, a na uku wanda ya bayar. Ka haɗa jimla, ka sa hannu a ƙasa, ka nuna wa malam.